Wa Ke Yin Tunani a Cikin Mutum? Muhawarar Malaman Kirista a Kan Hankali da Asalinsa

A ranar 10 ga Disamba, 1270, bishop na birnin Paris, Etienne Tempier, ya fitar da jerin maganganu 13 waɗanda ya haramta koyar da su, tare da barazanar korar duk wanda ya kafe a kansu daga cikin Ikilisiya. Magana ta farko a jerin ita ce cewa hankalin dukkan 'yan Adam guda ɗaya ne tak, ta biyu kuma ita ce cewa ba daidai ba ne a ce mutum yana fahimta. Wanda ya ji waɗannan maganganu karon farko zai ɗauka shirme ne da bai cancanci a ɓata tawada a kansa ba, domin kowa yana ji a jikinsa cewa tunaninsa nasa ne, kuma abin da ke cikin kansa ba shi ne a cikin kan maƙwabcinsa ba. Amma waɗanda suka kai ga wannan matsaya ba sakarkaru ba ne, hujja suka bi taki bayan taki har ta kai su inda ba su yi niyyar zuwa ba. Abin da nake gani shi ne malaman Kirista na wancan zamani suna so su riƙe abubuwa uku a hannu ɗaya: cewa hankali yana haɗe da jiki haɗuwa ta haƙiƙa, cewa hankalin kowa nasa ne shi kaɗai, da cewa ba ya gushewa idan jiki ya mutu. Riƙe biyu daga ciki ba shi da wuya, na ukun ne kullum yake kuɓuce musu.

Tambayar asalin rai, wato daga ina ran mutum mai hankali yake fitowa, ta girmi jami'ar Paris da ƙarnoni da yawa. Tun wajen shekara ta 200, Tertuliyan na birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ce rai yana tsirowa ne daga ran uba ta hanyar haihuwa, kamar yadda jiki yake fitowa daga jiki. Orijin na Iskandariya ya ce a'a, rayuka sun wanzu tun kafin jikkuna, ra'ayin da Ikilisiya ta yi tir da shi a ƙarni na 6. Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, yana cikin masu cewa Allah ne yake halittar kowane rai sabo fil a lokacin da ake halittar jikinsa.

Wanda abin ya fi tsaya wa a wuya shi ne Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yanzu, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430. Agustin ya kafa koyarwarsa a kan zunubin asali, wato cewa kowane ɗan Adam yana zuwa duniya ɗauke da laifin da ya gada daga Adamu, shi ya sa ake yi wa jarirai baftisma. To, idan rai yana fitowa ne sabo daga hannun Allah, ta ina laifin ya shige shi? Ko dai Allah yana halittar abu mai aibi, wanda ba zai yiwu ba, ko kuwa yana jefa rai mai tsabta cikin jikin da zai gurɓata shi, wanda bai yi kama da adalci ba. Idan kuma an ce rai gadonsa ake yi daga uba, matsalar zunubi ta warware, amma rai ya fara kama da wani abu da ake gutsurawa a raba. A shekarar 415 ya rubuta doguwar wasiƙa, ya ba wani matashin limami mai suna Orosiyus ya kai wa Jerom a Baitalami, yana roƙonsa ya koya masa abin da zai koya wa mutane, yana kuma kawo batun jariran da suke shan azabar ciwo su mutu ba tare da sun aikata komai ba. Jerom bai amsa tambayar ba har ya rasu a 420. Shi kuwa Agustin, da yake bitar rubuce-rubucensa a ƙarshen rayuwarsa, ya faɗa ƙarara cewa bai san amsar ba a da, kuma har yanzu bai sani ba. Ina ganin girman mutumin a wannan furuci fiye da yadda nake ganinsa a wurare da yawa da ya yi magana da cikakken tabbaci.

Zuwa tsakiyar ƙarni na 12, lokacin da Bitrus Lombard ya haɗa littafin da ya zama tushen karatun tauhidi a Turai, ra'ayin halittar kowane rai kai tsaye ya riga ya yi rinjaye, bisa dalilin cewa abin da ba shi da sassa ba a iya ɓallo shi daga wani. A kan yanayin hankali kuwa, Agustin ake bi: rai abu ne mai cin gashin kansa wanda yake amfani da jiki yana mulkarsa, kuma gaskiyar da ba ta canzawa, irin ta lissafi, hasken Allah ne yake haskaka ta a cikin zuciya. Wannan fahimta tana kare rashin mutuwar rai cikin sauƙi, sai dai ba ta bayyana sosai dalilin da ya sa zazzaɓi ko bugu a ka yake hargitsa tunani ba.

Abin da ya girgiza wannan zaman lafiya daga ƙasashen Musulmi ya zo. Bayan Kiristoci sun karɓe birnin Toledo na Andalus a 1085, garin ya zama cibiyar fassara daga Larabci zuwa Latin, kuma a tsakiyar ƙarni na 12 aka fassara littafin Ibn Sina a kan rai a can. A daidai wannan lokaci wani Yakubu ɗan Venis ya fassara littafin Aristotal, masanin falsafar Girka na dā, a kan rai daga Girkanci. Hukumomin Paris sun hana karantar da littattafan Aristotal na ilimin halitta a 1210 da 1215, amma zuwa 1255 tsangayar falsafa ta jami'ar ta sa su cikin manhajar da dole ɗalibi ya karanta.

Aristotal ya ce kowane abu na duniyar nan haɗin madda ne da sura, wato abin da aka yi shi da shi, da kuma tsarin da ya mai da shi abin da yake, kamar yumɓu da siffar da ta mai da shi tukunya. Rai, a wurinsa, shi ne surar jiki mai rai, har ya ce da ido dabba ne, da gani shi ne ransa. Wannan ya warware batun haɗuwar rai da jiki gaba ɗaya, amma ya buɗe wani rami, domin idan tukunya ta fashe siffarta ba ta ƙaura zuwa ko'ina. Sai dai a kashi na uku na littafin akwai wasu 'yan layuka masu duhu, inda ya bambanta hankali mai karɓar ma'anoni da hankali mai aikatawa wanda yake fito da su kamar yadda haske yake fito da launuka, ya kuma ce akwai hankalin da yake rabe, marar gauraye, marar mutuwa. Bai fayyace ko na kowane mutum ne ko kuwa wani abu ne a wajen mutum ba, kuma a kan waɗannan layuka aka shafe fiye da shekara dubu ana kai ruwa rana.

Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi wa Kiristoci daɗin sha'ani. Ya ce mu ƙaddara an halicci mutum a cikakken hankalinsa farat ɗaya, yana rataye a sarari, idanunsa a rufe, gaɓoɓinsa a ware ba sa taɓa juna, babu ko iskar da yake ji a fatarsa. Ba zai san yana da hannu ko zuciya ko ƙwaƙwalwa ba, amma ba zai yi shakkar cewa shi yana nan ba, saboda haka abin da ya tabbatar daban yake da abin da bai sani ba. Ibn Sina ya ba kowane mutum ransa, wanda yake farawa tare da jiki ya kuma ci gaba bayansa, ya bar hankali mai aikatawa kaɗai a matsayin abu ɗaya da ke wajen mutane. Wasu malaman Latin, irin su Roja Bekon, suka ce ai wannan hankali ɗaya Allah ne, sai maganar ta dace da hasken da Agustin ya ambata.

Ibn Rushd ne ya zame musu ƙarfen ƙafa. Malamanmu na Malikiyya sun san wannan alƙali na Kurɗuba, wanda ya rasu a Marrakesh a 1198, ta littafinsa na fiƙihu, Bidayatul Mujtahid, amma Turawan jami'o'i sun san shi ne a matsayin Mai Sharhi, babu ƙarin suna, bayan an fassara babban sharhinsa a kan littafin rai na Aristotal wajen shekarun 1220. A cikin wannan sharhi ya kai ga cewa ba hankali mai aikatawa kaɗai ba, har hankali mai karɓa ma guda ɗaya ne ga jinsin mutane duka. Ya kamata a bi hujjarsa a hankali, domin a nan gizo yake saƙar. Idan malami ya koya wa ɗalibi cewa biyu da biyu huɗu ne, abin da malamin ya fahimta da abin da ɗalibin ya fahimta ba abu biyu masu kama da juna ba ne, ma'ana ɗaya ce, in ba haka ba ba za a ce sun yarda a kan komai ba. Ma'ana kuma gama-gari ce, ba ta wannan biyun ko wancan biyun ba ce. Duk abin da ya sauka a cikin gaɓar jiki kuwa yakan zama na nan da na yanzu, kamar hoton da ke cikin idon wani, wanda ba shi ne a idon wani ba. Ke nan abin da yake karɓar ma'ana ta gama-gari ba zai kasance mai madda ba. Amma a tsarin Aristotal madda ce take rarrabe 'yan jinsi ɗaya, ita ce ta sa doki biyu suka zama biyu, don haka abin da ba shi da madda ba zai yawaita a cikin jinsi guda ba. Abin da ya rage wa kowane mutum a matsayin nasa shi ne hotunan da ke cikin ƙwaƙwalwarsa, na abin da ya gani da abin da ya tuna, waɗanda hankalin nan ɗaya yake aiki da su. Shi ya sa wani ya san lissafi wani bai sani ba, kuma shi ya sa idan ƙwaƙwalwa ta ruɓe babu wani abu na mutumin a karan kansa da ya saura a cikin hankali.

Ba sai an faɗa ba, idan haka ne babu wanda za a yi wa hisabi. Bonabentura, shugaban 'yan zuhudun Faransiskan, ya yi ta kashedi a kan wannan a wa'azozinsa na 1267 da 1268 a Paris, inda wani matashin malamin falsafa, Sijer ɗan Brabant, yake karantar da ra'ayin ga samari a matsayin abin da Aristotal yake nufi. A 1270 Toma Akwinas, ɗan zuhudun Dominikan daga Italiya, ya rubuta raddi na musamman, kuma ya zaɓi ya yi yaƙin a filin abokan hamayya, ba da ayoyi ba, da hujjar hankali da nassin Aristotal. Ya kafa komai a kan jimla ɗaya: wannan mutumin yana fahimta. Duk wanda ya musa haka, in ji shi, bai cancanci a saurare shi ba, tun da ya shaida da bakinsa cewa shi ba ya fahimtar komai. Ya ce idan aikina kawai shi ne samar da hotunan da wani hankali yake ɗaukar ma'ana daga cikinsu, to ni kamar bango nake wanda ake ganin launinsa, kuma ba a taɓa cewa bango yana gani ba, ganinsa ake yi. Game da malami da ɗalibi kuwa, ya bambanta abin da aka fahimta, wanda yake ɗaya ne, da abin da aka fahimta da shi, wanda kowa yake da nasa. Ya rufe da ƙalubalen cewa mai ja da shi ya daina magana a lungu a gaban yaran da ba su kai su yi hukunci ba, ya fito ya rubuta.

Raddin yana da ƙarfi, kuma Sijer da kansa ya sassauta matsayinsa a rubuce-rubucensa na baya, kafin rayuwarsa ta ƙare a Orvieto a farkon shekarun 1280, inda aka ruwaito cewa magatakardansa ne ya daɓa masa wuƙa. Amma rushe ginin wani daban yake da tsayar da naka. Akwinas ya yarda da Aristotal cewa rai sura ce ta jiki, ya kuma yarda da Ibn Rushd cewa tunani ba aikin wata gaɓa ba ne, yana kafa hujja da cewa hankali yana iya sanin yanayin kowane irin jiki, alhali da shi kansa yana da yanayin jiki da wannan ya tare masa sauran, kamar harshen majinyaci da ɗaci ya rufe har ba ya jin zaƙi. Daga nan ya ce rai sura ce ta musamman wadda take rayar da jiki amma tana da wani aiki da ya wuce jiki, saboda haka tana iya tsayuwa bayansa, tana kuma riƙe da keɓancewarta domin an yi ta ne daidai da wannan jiki ba wancan ba. Masu suka sun ce yana so ya ci biyu ne, sura idan ana maganar haɗuwa, abu mai zaman kansa idan ana maganar mutuwa, kuma a ganina sukar ba ta rasa tushe ba. Abin da ya sa nake girmama shi shi ne bai ɓoye farashin ba. Ya yarda cewa a wannan rayuwa ba a tunani sai da hotunan ƙwaƙwalwa, cewa rai da ya rabu da jiki yana cikin halin da ba nasa na asali ba, har ya rubuta a sharhinsa na wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa cewa raina ba ni ba ne. A wurinsa mutum bai cika ba sai da tashin matattu, wanda imani ne yake bayar da shi, ba falsafa ba.

A kan asalin rai ma ya bi Aristotal, wanda ya ce hankali kaɗai ne yake shigowa daga waje. Ɗan tayi, a ra'ayin Akwinas, yana farawa da rai irin na tsiro, sai na dabba ya maye gurbinsa, sannan Allah ya halicci rai mai hankali idan jiki ya shirya, kuma ya ambaci lissafin Aristotal na kwana 40 ga namiji da 90 ga mace. Mai karatu Musulmi zai tuna da hadisin Ibn Mas'ud na busa rai, wanda malamai da yawa suka ɗauki kwana 120 daga gare shi, ko da yake tushen maganganun biyu daban ne.

Wannan batu na maye gurbi shi ya jawo wa Akwinas fitina daga 'yan uwansa. Shi ya nace cewa sura ɗaya ce tak a cikin mutum, rai mai hankali, wadda take yin aikin tsiro da na dabba da na zama jiki baki ɗaya, domin abu mai surori da yawa tari ne, ba abu ɗaya ba. Abokan hamayyarsa suka tambaye shi: idan rai ne kaɗai yake mai da jiki abin da yake, to gawa ba jikin mamacin ba ce, wani sabon abu ne mai kama da shi. Me ke nan za a ce game da jikin Almasihu a kwanakin da, bisa aƙidar Kirista, ya yi a cikin kabari? Me za a ce game da ƙasusuwan waliyyai da ake girmamawa a majami'u? A ranar 7 ga Maris, 1277, shekara uku cif bayan rasuwar Akwinas, Tempier ya haramta maganganu 219, wasunsu suna shafar koyarwarsa, kuma a ranar 18 ga watan Robat Kilwardby, babban bishop na Kantabari, wanda shi ma ɗan Dominikan ne, ya haramta wasu 30 a Oxford, ciki har da waɗanda suka shafi kaɗaicin sura. Magajinsa, Yohanna Pecham, ya sabunta haramcin a 1284. Faransiskan sun umarci mutanensu kada su karanta babban littafin Akwinas sai tare da gyare-gyaren da ɗayansu ya rubuta, Dominikan kuma suka wajabta wa nasu kare shi, har muhawarar ilimi ta koma ta ɓangaranci.

Majalisar Ikilisiya da ta zauna a Vienne ta Faransa daga 1311 zuwa 1312 ta yanke cewa rai mai hankali shi ne surar jikin mutum a zatinsa, hukuncin da ake ganin ya nufi koyarwar wani ɗan Faransiskan mai suna Bitrus Olibi, amma ba ta ce sura ɗaya ce ko da yawa ba. A 1323 aka ayyana Akwinas a matsayin waliyyi, a 1325 kuma bishop na Paris ya janye haramcin a duk inda ya taɓa shi. Duk da haka an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin manyan masu tunani na ƙarni na 14 sun ƙi yarda cewa an kawo hujja yankakkiya. Duns Skotus, wanda ya rasu a 1308, ya yarda hankali zai iya tabbatar da cewa rai surar jiki ne, amma ya ce dalilan rashin mutuwarsa masu rinjayarwa ne kawai, ba masu tilastawa ba. Wiliyam ɗan Okam ya ƙara gaba, ya ce ba hujja ba kuma abin da mutum yake ji a ransa da zai nuna cewa abin da yake tunani a cikinmu marar madda ne, marar lalacewa, imani ne ya sanar da mu. Ya kuma lura da cewa mutum yakan yi kwaɗayin abu ya ƙi shi a lokaci guda, sai ya ce kishiyoyi biyu ba sa zama a mazauni ɗaya, don haka ran sha'awa daban, ran hankali daban. Yohanna ɗan Jandun kuwa ya ci gaba da karantar da Ibn Rushd a Paris, yana cewa wannan ne inda falsafa take kaiwa, ko da yake shi ya miƙa wuya ga imani.

A 1513 Majalisar Lateran ta biyar, a ƙarƙashin Fafaroma Leo na 10, ta sake la'antar masu cewa rai yana mutuwa ko ɗaya ne ga kowa, ta kuma umarci malaman falsafa su riƙa rushe waɗannan hujjoji a cikin aji, umarnin da yake nuna cewa bayan shekara 243 da hukuncin Tempier na farko ana nan ana karantar da su. Shekara uku bayan haka, a 1516, Pietro Pomponazzi na jami'ar Bolonya ya wallafa littafi inda ya ɗauki maganar Akwinas cewa ba a tunani sai da hotunan ƙwaƙwalwa, ya juya ta a kansa: idan hankali ba shi da aikin da yake yi ba tare da jiki ba, to bisa hujjar hankali zalla ya fi kusa da mutuwa tare da jiki, kuma rashin mutuwarsa sai dai a karɓe shi daga wahayi. An ƙona littafin a bainar jama'a a Venis, amma shi Pomponazzi ya ci gaba da riƙe kujerarsa ta koyarwa a Bolonya har ya rasu a 1525.